Akori-kurar da Furaih Ya Bari a Rafha

Jubail, farkon Muharram

Zuwa ga ɗan baffana Mutlak ɗan Jaza, Abu Bandar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ummu Bandar da yara da dabbobi. Ka sumbaci goshin mahaifiyata Wadha a madadina, ka tambaye ta gwiwarta, kada kuma ka yarda da "lafiya lau" ɗinta sai ka ga ta miƙe tsaye da kanta. Ni ma lafiya nake, ban da ƙwannafin da shinkafar kantin ma'aikata ke tayar mini, da laimar teku da ba ta barin riga ta bushe.

Na zaɓi rubutu ne domin waya ba ta kamawa a inda kuke kiwo, kuma maganar awo idan ta bi iska takan isa da rabinta. Duhaim direban motar sha'ir zai ba ka wannan takarda tare da akwati mai nauyi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai. Na miƙa takardar ajiye aiki a ɗakin ajiyar kayan gyara, inda na yi furfura ina jera ƙarafan mutane. Idan bazara ta fita zan dawo gida gaba ɗaya in zauna kusa da mahaifiyata, in riƙa ja wa makiyaya tankin ruwa da buhunan sha'ir da babbar akori-kurata da na bar maka ajiya. Ba ni da tumaki, ba ni da gona. Motar nan ita ce abin da zan tsufa a kansa.

Ka san tun da na sa mata bamban ƙarfe a gaba da injin jan mota da igiya, gabanta ya sunkuya, har tana kartar ƙasa a mashigin kwari. Maganin abin yana cikin akwatin: ƙarafa biyu da masu sana'a ke kira makullan sanda. Ba su da alaƙa da makullin tayar da mota. Gaban motar nan yana zaune ne a kan sandunan ƙarfe biyu, dama da hagu, masu murɗewa idan nauyi ya hau su. Ƙarshen kowace sanda yana shiga cikin wani ƙarfe mai siffar cinyar rago, shi ke riƙe da murɗin. Sababbin da na aiko an ɗan karkata raminsu, saboda haka gaba zai tashi ya yi daidai da baya.

Ban taɓa yin aikin da hannuna ba, amma na karanta ɗan littafin bayaninsa har na haddace. Ka tsayar da ita a kan daɓen siminti na bayan masallaci, ba a kan yashi ba. Ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin madigadi, ka rubuta. Ka ɗaga ta da jak, ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe, ba da duwatsu ba kamar yadda na ga kuna yi. Sandar nan ko motar tana rataye cike take da ƙarfi. Ka danne tsohon makulli da matsin da na sako a akwatin kafin ka kwance ƙusar saiti, sannan ka sassauta matsin a hankali, fuskarka nesa da shi. Ka yi wa sanduna alama da fenti, domin ta dama ba ta zama a hagu. Ka kankare tsatsa, ka shafa giris, ka sa sabon makulli, ka mayar da komai. Idan ka sauke ta, ka ɗan zagaya da ita ta zauna, sannan ka sake awo. Kada tashin ya wuce faɗin yatsu uku. Na san samarinku suna ɗaure ƙusar har ƙarshe don mota ta yi tsayin raƙumi, kada ka saurare su. Daga nan sai ka kai ta Rafha a daidaita mata ƙafafu da fitilu.

Na dogara da Allah, sannan da kai.

Ɗan baffanka, Furaih ɗan Sayyah.

*

Rafha, ƙarshen Muharram

Zuwa ga Furaih, Abu Majid, ustazun ƙusoshi.

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Inna Wadha ta miƙe da kanta, har ta kai mini sanda da na ce kai ka sa in duba. Ta ce in gaya maka ka bar shinkafar kanti ka nemi mai dafa maka, wai ko tunkiya ba ta daɗe da takaba kamar yadda ka daɗe.

Takardarka ta iso, mun karanta ta kamar huɗubar Juma'a. Wallahi ɗan baffa, da likita ne ya rubuta mini wannan da na bar wasiyya kafin in shiga ƙarƙashin mota. Amma na bi. Na yini a kwance a bayan masallaci, liman yana tsallake ƙafafuna. Sandar hagu ta kafe da tsatsa, sai da na jiƙa ta da man birki ta kwana, washegari guduma ta lallashe ta. Matsin naka ya yi amfani, haƙorana suna nan cikakku.

Ka zo ka ga amaryarka. Ta ɗaga kai, ta daina tafiya kamar mai neman abin da ya faɗi. Na bi da ita ta kwarin ko tsakuwa ba ta taɓa ba. Duk inda na tsaya sai an zagaye ta. Na kai ta Rafha an daidaita ƙafafun, kada ka hana kanka barci.

Maganar dawowarka na faɗa wa Inna, ka yi haƙuri, bakina ba ya riƙe abin daɗi. Ta sa an kwashe buhunan da ke ɗakinka an share.

Mutlak.

*

Jubail, farkon Safar

Zuwa ga Abu Bandar, Allah ya tsare shi.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, na ji daɗin labarin mahaifiyata, ko da yake na so in faɗa mata da bakina. Ƙwannafin ya yi sauƙi tun da na koma burodi da madara da daddare.

Allah ya saka maka da alheri a kan aikin. Sai dai ba ka rubuto mini awon farko da na ƙarshe ba, kuma "ta ɗaga kai" ba awo ba ne. Ina son in san ko ɓangarorin biyu sun yi daidai, domin gefen direba ya fi nauyi saboda tankin mai. Ka kuma leƙa ka ga ko akwai sarari tsakanin hannun taya na sama da robar da ke tare shi. Idan babu sarari, tashin ya yi yawa, kuma za ta riƙa cin ƙarafanta a ɓoye. Man birki yana lalata roba, ina fatan ka goge shi sarai.

An karɓi takardata ta ajiye aiki. Shugaban sashe ya ce in zauna har in koya wa wanda zai gaje ni, kuma na fara. Mutum ne mai hankali, sai dai yana ajiye noti a aljihu. Na kuma yi magana da mai ƙera tankuna a garin Hafar, zai fara mini tirelar ruwa daidai da tsayin ƙugiyar motar. Ka auna mini daga ƙasa zuwa ƙugiyar baya ka aiko.

Furaih.

*

Rafha, tsakiyar Rabi'ul Awwal

Abu Majid,

Gaisuwa. Kowa lafiya, Inna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, mun matsa da dabbobi gabas bayan ruwan da aka yi, ga baƙi ba sa yankewa.

Mota lafiyarta ƙalau. Yanzu ma ta fi da jin daɗi, a ƙarƙashin rumfa take kwana, akwai mai wanke ta kowace safiya. Awon kuwa na rubuta a kwali, kwalin ya shiga wuta ranar da muka yi baƙi. Maganar tirela kada ka yi gaggawa, mai ƙeran nan na ji ana kuka da waldarsa. Ka bari sai mun haɗu, akwai maganar da ta fi daɗi baki da baki.

Shin dole ne ka bar aikin a bana? Tambaya ce kawai.

Mutlak.

*

Jubail, ƙarshen Rabi'ul Awwal

Zuwa ga ɗan baffana Abu Bandar.

Bayan gaisuwa, na shafe makonni ina tsayawa a bakin ƙofa duk ranar da Duhaim zai wuce, har na fara tunanin matsin ya kuɓuce ya ji maka ciwo kana ɓoye mini. Alhamdu lillahi da ba haka ba ne.

Takardarka ta sa na ji kunya. Ina nan ina ƙorafin awo, kai kuwa kana can kana kafa wa motata rumfa, har ka sa ana wanke ta. Ban roƙe ka wannan ba, kuma ba zan manta da shi ba. Roƙona ɗaya, kada a wanke ƙarƙashinta da ruwan rijiyar gabas, gishirinsa ya yi yawa.

Na gane abin da tambayarka ke nufi. Kana tsoron kada in raina zaman jeji bayan na saba da fanka da famfo. Ka kwantar da hankalinka. Na riga na sallami ɗakina daga ƙarshen wata mai zuwa, kuma tirela ta yi nisa.

Furaih.

*

Jubail, farkon Rabi'ul Ahir

Mutlak,

Ina fatan mahaifiyata lafiya. Ni ban san yadda zan kwatanta tawa lafiyar ba.

Jiya Duhaim ya tsaya shan shayi a wurina. Yana cikin ba ni labarin farashin sha'ir sai ya ce ya ga tsohuwar motata a garken raƙuman Hamud ɗan Ayid, Abu Nawwaf, can wajen Hafar, wai ta yi kyau a ƙarƙashin rumfarsa. Na gyara masa magana, na ce ba tsohuwar motata ba ce, motata ce, kuma tana Rafha. Ya ajiye kofi ya dube ni. Ya ce ai duk arewa an san kyautar da Mutlak ya yi, har wani ya yi mata baitoci, shi ya ɗauka na daɗe da sayar maka da ita. Da ya ga fuskata sai ya ce wataƙila idonsa ne, motoci suna kama da juna. Na tambaye shi bamban gaba, na tambaye shi tsagar gilashin gefen dama. Sai ya tashi bai ƙarasa shayinsa ba.

Na ɗauko takardarka ta baya na sake karantawa. Ba ka ce kai ka kafa rumfa ba. Ni na ce, na kuma gode maka, kai kuma ka karɓi godiyar ka yi shiru.

Ban yanke hukunci ba, domin ban ji daga bakinka ba. Ka rubuto mini da kalmomin da ba su da ƙofar baya: motata tana ina, a hannun wa, kuma da iznin wa.

Furaih ɗan Sayyah.

*

Rafha, tsakiyar Rabi'ul Ahir

Ɗan baffana, ɗan'uwana Abu Majid,

Inna lafiya, ba ta san komai ba.

Duhaim bai yi ƙarya ba. Ka saurare ni har ƙarshe kafin ka tsine mini.

Abu Nawwaf ya sauka wurinmu da mutanensa a hanyarsu ta dawowa daga kasuwar raƙuma. Na yanka rago biyu. Bayan an ci an wanke hannu, ya fito ya ga motar a gaban tanti, ya zagaye ta, ya dafa bamban, ya ce Masha Allah, bai taɓa ganin irinta ta tsaya daidai haka ba, ba ta sunkuya ba kuma ba ta yi girman kai ba. Ka san abin da ake cewa idan baƙo ya yaba abinka a gaban maza. Na ce, "Ta zama taka." Ya amsa yadda ake amsawa, ya ce tana hannun wanda ta dace da shi. Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Sai surukina Ayyad ya yi dariya daga bayan mutane ya ce, "Ku ƙyale Mutlak, kyautarsa a baki take tsayawa." Jama'a suka yi dariya. Wallahi ban san lokacin da na rantse ba. Na rantse da Allah ba zai bar wurin ba sai da ita. Mutum kamar Abu Nawwaf ba ya karya rantsuwar mai masaukinsa. Ya karɓi makulli.

Shekara nawa ina tuƙa ta, Furaih, kowa motar Mutlak yake ce mata. A wannan lokacin har ni na yarda tawa ce. Kuma da ba ka sa na gyara ta haka ba, wa zai dube ta?

Yanzu ga inda muke. Yana neman a canja sunan takardun. Na ce masa suna ne kawai naka, mota tawa ce tuntuni. Idan ka musanta, na rantse a kan abin da ba nawa ba, kuma ba ni kaɗai fuskata za ta yi baƙi ba, duk gidan kakanmu ne, har ɗanka Majid. Ka sa hannu, ni kuma ka zaɓi abin da kake so cikin raƙumana. Ka rufa mini asiri, ɗan baffa.

Mutlak.

*

Jubail, Jumada Ula

Zuwa ga Mutlak ɗan Jaza.

Assalamu alaikum. Ina fatan mahaifiyata lafiya. Ina lafiya.

Ban amsa maka da wuri ba domin na tafi Hafar da kaina. Na tafi ne in karɓo motata, kuma ina so ka san haka. Na tsara abin da zan faɗa tun daga Jubail, na maimaita shi a cikin bas har ya zauna.

Na sami Abu Nawwaf a majalisarsa bayan la'asar, tanti cike da maza, har da mutum biyu daga dangin matarka. Aka zuba mini gahawa, na karɓi finjalin na ajiye a ƙasa ban sha ba. Abu Nawwaf ya lura da finjalin. Ya ce in sha gahawata, buƙatata ta biya ko mece ce, in dai yana da iko a kanta. Na faɗi sunana da sunan ubana. Ya gane nan take. Dattijo ne mai nutsuwa, Mutlak, bai cancanci abin da ka sa shi a ciki ba. Ya gyara zama ya ce:

"Ɗan Sayyah, ɗan baffanka ya gaya mini sunanka ne kawai a takarda, mota tasa ce. Idan ba haka ba ne ka faɗa a gaban mutanen nan, makulli yana rataye a bayanka, ka tafi da ita yau, ni kuma in san da wa na ci abinci."

Na duba fuskokin da ke wurin, duk suna jira. Na tuna 'ya'yanka mata da ba su yi aure ba, na tuna mahaifiyata da ke cin abinci daga tukunyar matarka. Maganar da na haddace ba ta fito ba. Na ce, "Tawa ce a da. Na ba shi ita kafin ya ba ka."

A duk shekarun da na yi a ɗakin ajiya ban taɓa cewa ƙusa tana nan alhali ba ta nan ba. Wannan ita ce ƙaryar da na yi, a gaban maza, da sunan ubana a bakina, kuma kai ka sa ni.

Ya yi hamdala, sannan ya tambaye ni, to mece ce buƙatar da ta sa na ajiye finjali? Dole in faɗi wani abu. Na ce ina so a ba ni izni in duba ƙarƙashinta. Wasu suka yi murmushi, wani ya tambayi na kusa da shi ko bakanike ne ni. Abu Nawwaf ya sa aka kawo tabarma, na ƙi, na shiga da farar rigata.

Na daɗe a can. Na ga alamar fentinka a kan sanduna, ja a dama, fari a hagu. Na ga giris a inda na ce, ba a inda ban ce ba. Na sa yatsa tsakanin hannun taya da roba, sarari yana nan. Na auna ɓangarorin biyu da igiyar rawanina, sun yi daidai, har ka ƙara wa gefen direba kaɗan kamar yadda ya kamata. Na nemi kuskure da gaske, ina fatan in samu, domin in ce wa kaina ai Mutlak haka Allah ya yi shi, ba ya iya kula da abu. Ban samu ko ɗaya ba. Ashe ka iya riƙe amana idan ta ƙarfe ce.

Na fito na sha gahawar, ta yi sanyi. Washegari muka je ofis na sa hannu.

Raƙumanka ka riƙe su. Idan na karɓa, an san ciniki ne, kuma ƙaryata ta tashi a banza. Tirelar na bar wa mai ƙera ya nemi wanda zai so ta. Na koma wurin shugaban sashe na roƙi aikina, ya ce kujerar ta riga ta zama ta wanda na koya wa, amma zan iya zama a ƙarƙashinsa. Na karɓa. Ɗakina an ba wani, yanzu muna huɗu a ɗaki.

Asirinka a rufe yake, ba zan buɗe shi ba ko a gaban Majid. Kada ka sake rubuto mini, labarin mahaifiyata zan riƙa ji daga Duhaim. Saura abu ɗaya, kuma naka ne. Ta share ɗaki tana jirana. Ka je ka zauna a gabanta ka gaya mata ba zan dawo bana ba, kuma ban san yaushe ba. Za ta tambaye ka dalili. Ka nemo mata da kanka, ka fi ni iya magana a gaban mutane.

Furaih ɗan Sayyah.